Wanzamin da Hannunsa Ya Kama Karkarwa

Kin zo kina cewa tunda likita ya ce ciwon maigidanki ba ya warkewa, shan magani wahalar banza ce. Zauna ki ji. An yi wani wanzami a wani ƙauye, shi ke yi wa dattawa aski duk ranar Juma'a. Da girma ya zo, hannunsa na dama ya kama karkarwa, jikinsa ya yi nauyi, in ya zo bakin zaure sai ƙafa ta kafe kamar an dasa ta. To, wa zai miƙa wuyansa ga aska a hannu mai karkarwa? Mutane suka janye ɗaya bayan ɗaya, har da masu cewa sammu ne. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don aska gadon gidansu ce. A asibiti aka gaya masa gaskiya, cewa ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, ba ya tafiya, amma ana lallaɓa shi. Aka ba shi ƙwayoyi. Da ya ji sauƙi sai gogan naki ya ajiye su, wai ya warke, kamar maganin zazzaɓi. Kafin wata ya kama, ko maɓallin rigarsa ya gagare shi.

Ya koma asibiti ba kunya, ya ce a sake koya masa. Daga nan bai ƙara saɓa lokacin magani ba. Kullum da safe sai ya miƙe gaɓoɓinsa yadda aka nuna masa, ya zaga gari da sanda. Ya ja layuka da toka a ƙasan zaure, yana tsallake su ɗaya ɗaya har ƙafar ta saki. Ya lura hannun ya fi bin umarninsa da hantsi, bayan magani ya ratsa shi, sai ya mai da aikinsa can. Kaciya da ƙaho ya bar wa ƙanensa, aski kuwa ya ce ba zai bari ba. Ran wata Juma'a wani tsohon amininsa ya cire hula ya zauna gabansa, jama'a suka tsaya kallo. Askin da a da yake gamawa kafin a ƙare gaisuwa ya kai shi har ladan ya yi kiran farko. Amma kai ya fito tas, babu ko ƙwarzane. Amininsa ya shafa ya ce, “Mako mai zuwa ma ni ne na farko.”

Ki tashi ki je ki ba shi maganinsa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.