Hancin Da Wuƙa Ba Ta Taɓa Ba

Farangis Hanum, wato Uwargida Farangis, ba don ƙauna take sumbatar 'yar mutane ba. In ta je nema wa ɗanta mata, takan riƙe fuskar da hannu biyu, ta ɗaga haɓar sama kamar mai taya tunkiya, ta leƙa ƙarƙashin hanci tana neman tabon ɗinkin gyaran hanci. In ta gani, sai ta ajiye shayinta ko kurɓa ba ta yi ba, ta ce wa ɗanta, "Kambiz, tashi, mun bar mota a kan hanya."

Haka ta yi wa gidaje da dama a unguwarmu nan Tehran, har da wani gida da ba zan kama sunansa ba, inda yarinyar ta yi kwanaki abinci bai shiga bakinta ba.

Hujjarta ɗaya ce, kuma duk layin gidan burodi ya haddace ta. "Hancin likita na amarya ne, na asali kuwa jikokina za su gada. In ga abin da nake saye tukuna." A garin da in kika shiga bas sai kin ƙirga farin filasta a fuskar 'yan mata har ki gaji, kin ga ta ɗauko wa kanta aiki. Shi kuwa ɗan gwal ɗin da ake wa wannan tankaɗe da rairaya, sanƙo ya ci rabin kansa, tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Amma yana da shagon darduma da gida nasa na kansa, don haka iyaye mata suka ci gaba da buɗe ƙofa suna rawar jiki. Allah ya shirye mu.

Ana haka Tuba Hanum ta taso daga garin Karaj ta kama haya a layinmu, ita da 'yarta Golnush, wadda ta doshi talatin. Mijin ya rasu, dangi sun yi nisa, ba wanda ya san su. Abin da kowa ya fara gani shi ne ɗan tozo a karan hancin yarinyar.

"Wace irin uwa ce wannan?" in ji wata a gidan burodi. "Ko zobenta ai ta sayar ta sare wa yarinya wannan dutsen."

Maganar ta kai kunnen Farangis, washegari ta aika za su zo neman aure.

Ranar zuwan, Tuba ta ruɗe har shinkafarta ta wuce ƙanzo ta koma gawayi. Ƙauri ya cika gidan, baƙi na tari, amma Golnush ta fito daga kicin da farantin shayi cikin natsuwa, ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Farangis ta ji daɗin haka. Yarinya mai haƙuri ke nan.

Ta kama fuskar, ta ɗaga, ta leƙa. Babu tabo. Ta bi tozon da babban yatsa. Yana nan daram.

"Kawo min hotunanta na yarinta."

Tuba ta miƙa kundin hotunan. Ga Golnush 'yar makaranta an ɗauke ta ta gefe, tozon na nan sak, sai dai hoton ya ɗan lanƙwashe a baki kamar ya sha yawo a jaka. Daga nan shafuka suka tsallake zuwa na bana.

"Na jami'a fa?"

"Ba ta son hoto, Hanum. Kunya."

Kambiz ya yi wani barkwanci marar gishiri, Golnush ta yi dariya, nan take ta dafe gefen ƙirjinta.

"Bara ta zame a matakala," Tuba ta yi saurin cewa.

Farangis ba ta ma ji ba, idonta na kan hancin. "'Yata, me ya hana ki bin sahun sauran?"

"Na ga yadda abin ke ƙarewa, Hanum," in ji Golnush, kanta a ƙasa.

A karon farko a unguwar nan, Farangis Hanum ta shanye shayinta tas, har ta nemi ƙari.

A wurin biki kuwa ba ta bar kowa ya ci abinci da daɗi ba. Tebur-tebur take bi da amarya, tana juya ta ta gefe kamar dardumar shagon ɗanta. "Ku duba, ku masu hancin 'yar tsana, wanda in an yi ruwan sama sai ya cika! Wannan daga hannun Mahalicci ya fito, wuƙa ba ta taɓa shi ba. Ni a cuce ni? Ba a haifi yarinyar ba tukuna!" Mu da aka yi wa wulaƙanci a ɗakunanmu muka yi ta tafi, don in ba ka yi ba a ce baƙin ciki ne. Tuba dai na kusurwa tana murza bakin ɗankwalinta, ba ta saki numfashi ba sai da motar amarya ta sha kwana.

Bayan an watse da kwana biyu, Tuba ta sayi kwalin alewa mafi tsada, mai ƙwayar fistashiyo irin ta gyaɗa, ta hau bas zuwa arewacin gari, ta haye wani bene, ta wuce 'yan mata masu filasta da ke jiran layi a ƙofar likitan gyaran hanci.

Likitan ya karɓi kwalin yana dariya, ya ce tun da yake aikin nan, Golnush ce ta farko da ya sare wa tozo tana jami'a, sannan ya dawo bara ya sake gina mata shi daga cikin hanci da guntun haƙarƙarinta, yana duban hoton makaranta.