Konjen Bazara

Mas'uda ba ta shimfiɗa wa Ibrah tabarma ba. Ya tsaya ƙofar gidansu a Filinge, ƙasar Kurfai, turmin atamfa a hammata, yana jiran murmushin da ya saba samu in ya zo hutu daga aikinsa na Yamai.

"Na zaɓi lokacin konjena, hutuna na shekara," in ji shi. "Da sanyi, bayan girbi. A ɗaura mana aure, ki zauna wajen inna."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kullum da sanyi. Rumbu cike, rijiya cike, kowa na dariya. Ɗauki hutun da bazara."

"Bazarar Kurfai? Haba, Mas'uda! Ko barci ba na iyawa cikin zafin nan."

"Ni da za ka aje a ciki fa? Jikina na ƙarfe ne?"

Sai lokacin ya lura da tafin hannunta, duk ya yi kanta saboda jan igiyar guga. Ya miƙa atamfar a hankali.

Ba ta karɓa ba.

"Riƙe kayanka. Zo da bazara ka ja wa innarka ruwa har hutun ya ƙare. In ba ka gudu ba, ka tarar da tabarma."