Hannun da Ba a Ɗaga Ba

"Birni ya haɗiye mu," in ji Yaya ta waya. "Gonaki, burtali, har maƙabarta, duk sun koma hannun hukumar birni."

Na miƙe zumbur a shagon cin abinci na unguwar Danau Kota, a ƙasar wajen da nake karatu. "Wane irin zalunci ne wannan? Ai sai ƙaramar hukumarmu ta yarda!"

"Ta yarda ɗazu. Kansiloli biyar suka ɗaga hannu a ba da mu, huɗu suka ƙi. Da namu yana nan, da an yi kunnen doki, magana ta mutu. Wai ciyaman ya tura shi kwas ƙasar waje. Ina ya shiga, oho!"

Ni na san inda ya shiga. Ni na tarbo shi a filin jirgi, don a garinmu ba a barin ɗan gida ya kwana a otal. Na bar masa gadona, na ajiye karatuna, na bi shi kasuwa ina riƙe masa ledojin yadi.

Ga shi zaune gabana, hannun nan nasa dumu-dumu cikin shinkafa.

"Ƙanena," ya ce, "ce su ƙaro kaza."