Gurbin da Mai Gyara Ya Bari a Fanel

Tunda ka ce ɗan wurin da ka bari ba komai ba ne, zauna in ba ka misali. An yi wani mai gyaran kayan lantarki a wani gari na bakin kogi, hannunsa da kyau, kowa ya shaida. Surukinsa, mahaifin matarsa, manomin albasa ne a fadama, da injin sola yake ban ruwa. Da injin ya tsaya, tsohon ya ɗauko akwatin da ke sarrafa shi ya kawo masa. A ciki akwai fanel, koren allon nan mai siraran hanyoyin tagulla, wanda tun daga kamfani aka shafe shi da wani ruwa mai kama da ƙaro don kada laima da raɓa su taɓa shi. Ƙa'idar aikin ita ce in ka kankare don ka sauya abin da ya ƙone, to ka mayar da shafin, ka jira ya bushe. Mutumin ya kankare wuri bai fi farcen yatsa ba, ya narka dalma ya liƙa sabo, wuta ta kawo. Da ya ɗauko kwalbar ruwan shafin sai ya tarar ta daskare, samun wata kuwa sai an shiga birni. Ya dubi ɗan gurbin, ƙyuya ta ce masa wa zai gani, ya ɗaure murfi. Tsohon ya tambaye shi ko ya rufe ko'ina, ya ce ya rufe.

Ita laimar fadama ba ta sallama. Kullum asuba tana sauka a wannan gurbi, har tagullar ta yi kore ta cinye. Injin ya sake tsayawa daidai lokacin da albasa ke sa kai, kafin a farga rabin gonar ta kwanta. Mai gyaran ya ɗora laifin a kan kamfani, har ya raka surukin birni wurin dillalin injin, yana tafe yana kumfar baki. Ma'aikacin dillalin bai yi musu da shi ba. Ya buɗe akwatin, ya haska wata 'yar tocila da suke duba shafi da ita, fanel ɗin duk ya ɗau shuɗin haske, sai wuri guda baƙi ƙirin, ga sabuwar dalma a tsakiya. Ya tambaya wa ya taɓa nan. Shagon cike da mutane, mai gyaran ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon bai ko dubi inda mai gyaran yake ba, ya ce wa ma'aikacin, "Ni ne, ɗana. Karambanin tsufa ne ya sa na kai shi wurin wani a kasuwa." Da zaginsa tsohon ya yi, da abin ya zo wa mai gyaran da sauƙi. Haka suka dawo a mota ɗaya, tsohon na yi masa hirar farashin taki, shi kuwa ya kasa ɗaga kai, kuma ya daɗe bai iya taka zauren gidan ba.

To, koma ka buɗe aikinka ka rufe ɗan wurin nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.