Telan Ƙanwata

Tela ya kawo rigunan da ya rage wa ƙanwata. Ciwon daji ya cinye mata jiki, likita kuma ya ce mu koma gida mu yi ta lallaɓa ta. Maimakon ya ajiye kayan ya tafi yadda ya saba, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Yaya, aurenta nake so," ya ce da ni, amma ita yake kallo.

Na juya gare ta, don ina son jin inda zancen zai tsaya.

"Malam tela, ka san abin da likita ya faɗa?" in ji ta.

"Na sani. Ni nake rage rigunan."

"To, me za ka yi da ni?"

"Kullum Yaya ce ke ɗaga ki ita kaɗai. Ni ina da ƙarfi, amma ba ni da ikon taɓa ki."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa, sannan ta dube ni.

Na ce, "Gadon bayana dai ya amince, saura ke."

"A kira Kawu," ta ce. "Amma riga ɗaya za ka ɗinka mini, daidai jikina na yau."