Kufai a Gonar Gado

Tun da ka ce kai da ƙanenka ko gaisuwa ba ta haɗa ku, zauna in ba ka wani misali.

Wasu 'yan'uwa ne su biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona a bakin fadama, da bukka, da rijiya. Suna noma tare, suna ci a akushi ɗaya, har ranar da aka zo rabon gado suka saɓa a kan wata ɗorawa da ke tsakiyar gonar. Maƙwabcinsu, wani mai shanun huɗa, ya shiga kai gwauro yana kai mari: in ya zo wurin wan ya ce ƙanen ya ce kaza, in ya koma wurin ƙanen ya ƙara gishiri. Wan ya yi zuciya, ya rantse ba zai sake taka gonar ba, ya hau mota ya yi Kudu. Can ya ƙarar da ƙarfinsa yana dako a kasuwar goro. Sai da furfura ta cika masa kai, gwiwa ta fara ƙi, sannan ƙanensa ya riƙa faɗo masa a rai. Ya ce bari ya koma ya nemi gafara tun ƙasa ba ta rufe masa ido ba.

Ya sauka a bakin titi da hantsi, ya kama hanyar da ya sani, ya tarar ta mutu, ƙarangiya da tafasa sun cinye ta. Da ƙyar ya gane wurin. Bukkar tana nan tsaye, amma jinkar ta rufta ta gefe guda. Ya yi sallama, ya sake yi da ƙarfi, ba abin da ya amsa sai wata kurciya da ta tashi fir daga ciki. Ya sunkuya ya shiga, warin jemage ya doki hancinsa. Gara ta cinye gadon kara, randa ta fashe gida biyu, ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun murhu. A jikin bango, ta inda ruwa ba ya yoyo, ya ga fartanya biyu a rataye. Ɗaya ta siɗe saboda aiki har ta kusa zama cokali. Ɗayar kuwa tasa ce, ga shaidar da ya yi wa ƙotar da wuƙa tun yana saurayi, an naɗe bakinta da tsumma don kada ta yi tsatsa. Nan ya durƙushe a cikin ƙura.

Da ya samu ya miƙe, sai ya zagaya baya. Rumbu ya kife, ɓeraye sun yi gida a ciki. Ya leƙa rijiya ya jefa tsakuwa, ya ji ta faɗa kan busasshiyar ƙasa. Ɗorawar da suka yi faɗa a kanta an sare ta, saura kututture baƙi ƙirin inda aka toya gawayi. Amma daga bayan bukkar har bakin fadama dawa ce ta yi shar, huɗar shanu kunya bayan kunya, ba alamar iyaka ko ɗaya.

Wata tsohuwa ta ɓullo da ɗaurin itace a kai. Ya ce, “Baiwar Allah, ina mai wurin nan?”

Ta ce, “Ayya, ai ya daɗe da rasuwa. Shi kaɗai ya zauna. Kowace damina rabin gonar yake nomawa ya bar rabi, wai na wansa ne, zai dawo. Da ciwo ya kwantar da shi ba mai miƙa masa ruwa. Sai da aka daina ganin hayaƙi sannan aka leƙo.”

Ya tambayi gonar. Ta ce maƙwabcin ya yi rantsuwa gaban mai unguwa cewa wan ya sayar masa da kasonsa tun kafin ya tafi, ƙanen kuma ya bar masa nasa. Wa zai musa? Yanzu 'ya'yansa ke nomawa. Ya tambayi kabarin. Ta nuna cikin dawa da baki, ta ce wajen can ne, amma garma ta bi ta kai, ko ita ba za ta iya nuna masa ba. Sannan ta dube shi da kyau ta ce, “Kai mene ne naka da shi, bawan Allah?”

Ya juya ya dubi bukkar. Can ya ce, “Matafiyi ne ni.”

Ya tsaya a gefen dawar ya ɗaga hannu zai yi addu'a, hawaye ya hana shi. Bai koma cikin bukkar ba. Ya ja gwiwarsa ya nufi titi, bai san garin da zai ce wa direba ba.

To, ka ji. Maƙwabcin nan bai fi su ƙarfi ba lokacin da suke cin tuwo a akushi ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.