Layukan da Bango Ya Tare

Alƙalamin na'urar zanen ya tsaya, na zare takardar. Wata shida ina koya wa kwamfutar jami'a ta goge duk layin da bango ya tare a zanen gini, gobe kuma gwaji. Ashe na yi kuskure wajen huda katin umarni: ta goge na fili, ta zana na ɓoye zalla.

Babana magini, wanda ya ba ni awon gidanmu da na sa ta zana, ya gyara tabarau.

"Ita ce mai wayon da kika ishe mu da ita?"

"Tsaya, Baba. Wannan ɗan ɗakin na bayan matakala fa? Ban san shi ba."

Ya daɗe yana shafa takardar.

"Na yayanki ne, Allah ya ji ƙansa. Ni na toshe ƙofar, kafin a haife ki."